Wane sabo za ka fara da shi? Jagora ga mai son gyara kansa

Shekarar da na cika arba'in, washegarin ƙaramar Sallah, na sayi sabon kaye da bik a bakin babbar kasuwa, na zauna cikin shagona na rubuta abu bakwai da zan riƙa yi kullum. Tashi kafin kiran assalatu. Karatun izu biyu. Takawa a ƙasa daga unguwarmu ta Zariya har kasuwa. Barin sukari a shayi. Ajiye jika guda kowace rana. Koyon Ingilishi saboda masu aiko mini kaya daga Legas. Ajiye waya da zarar an yi isha'i. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, na ji kamar an riga an gama. Kwana tara abin ya yi. A na goma kayen yana ƙarƙashin buhun shinkafa, ni kuwa ina fada har sha biyun dare, shayi na uku a hannuna, sukari kamar zuma.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan rashin zuciya, sai da na je gonar kawuna a hanyar Tibiri gab da faɗuwar damina. Na tarar da shi durƙushe gaban wani kututturen kalgo da ƴar adda a hannu. Bayan mun gaisa ya nuna mini shi da bakin addar.

"Ɗana, toho nawa ka gani ga kututturen ga?"

Na ƙirga na ce, "Sha ɗaya, Kawu."

"To in na bar su duka, ba wanda za shi zama icce. Haka za su tsaya gajeru suna rabon ruwa guda, awaki su zo su gama da su."

Ya zaɓi biyu masu kauri da suka miƙe tsaye, ya sare sauran daga gindi, ya sassaɓe ƙananan rassan biyun nan har wajen rabin tsawonsu, ya wuce kututture na gaba.

Wannan aikin shi ake kira sassaben zamani, kuma a nan ƙasar Maradi ya yi ƙarfi kafin ya bazu. A farkon shekarun 1980 an yi ta raba dashen itatuwa a karkara, ana dasawa ana ban ruwa, mafi yawansu suna mutuwa: rana ta ƙona, rairayi ya binne, dabbobi su cinye. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Toni Rinaudo, wanda ke cikin masu wannan wahala, ya tsaya bakin hanya zai rage iskar tayoyin motarsa don ya ratsa rairayi. Nan ya lura cewa ƴan ƙananan ganyayen da kowa ke ɗauka ciyawar banza, ashe tohon itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da ranta a ƙarƙashin ƙasa. Bayan yunwar 1984 manoma suka fara karɓar dabarar, maƙwabci na gani wajen maƙwabci. Yau ana ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na kudancin Nijar, mafi yawansu ba wanda ya dasa su.

Abu bakwai ɗin da na rubuta duk dashe ne, na kwaso su daga bakin mutane da cikin waya na kafa a busasshiyar ƙasa rana ɗaya. Sabon da ya kamata mutum ya fara da shi yana nan cikin yininsa da ƴar saiwarsa, nemo shi za a yi a sare masa kishiyoyi. Ga yadda na bi daga baya.

Mataki na farko: mako guda kana kallo kawai

Kar ka sauya komai tukuna. Na san hannu zai riƙa ƙaiƙayi, amma ka daure. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood, ta sa mutane suna rubuta abin da suke yi sa'a bayan sa'a, aka ga wajen kashi 43 cikin 100 na ayyukan yini maimaici ne, a wuri ɗaya ake yin su, hankali kuma yana can wani waje. Ma'ana kusan rabin yininka yana wucewa ba ka kalle shi ba, kuma ba ka iya gyara abin da ba ka gani ba.

Kowane dare kafin ka kwanta, ka ɗauki minti biyar ka bi yinin daga asuba. In rubutu bai dame ka ba, rubuta, da boko ko da ajami duk ɗaya ne. In ya dame ka, ɗauki muryarka a waya. Abu uku kake nema.

Na ɗaya shi ne yoyo: inda kuɗi, lokaci, lafiya ko zaman lafiya ke zubewa. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa ke yoyo. Na biyu shi ne toho: abin kirkin da kakan yi jefi-jefi ba wanda ya sa ka, ko da sau ɗaya a mako. Na uku turaku ne, wato abubuwan da ba sa taɓa kuskurewa ko ana ha maza ha mata: salla, buɗe shago, ɗora tukunya, kai yara lakwal, ba jar akuya dusa.

Ni da na yi wannan makon sai na ga ashe babban yoyona ba ya cikin abu bakwan nan ko kaɗan. Bashi ne. Ina sayar da kayan masarufi, kuma rabin cinikina "rubuta mini, sai ƙarshen wata" ne, alhali ba na rubuta komai, da ka nake riƙewa. A cikin makon wata dattijuwa da muka shekara goma muna ciniki ta rantse ta biya kuɗin tiya biyu ta shinkafa, ni kuma zuciyata na ce mini ba ta biya ba. Na ce, "Shi ke nan Inna, na tuna," alhali ban tuna komai ba. Na yini ina jin haushin kaina, na kai haushin gida. Amma a makon na ga toho ma: ranar Litinin da Juma'a, da kasuwa ke cika, nakan yagi kwalin sabulu in rubuta sunaye biyu uku don kar in manta. Kwalayen ne ke ɓacewa. Ashe hannuna ya riga ya san hanya.

Mataki na biyu: raba buri da aiki

Yanzu ka jera duk abin da kake sha'awa, ko goma ne. Sai ka bi su ɗaya-ɗaya da wannan gwaji: zai yiwu yaro ya tsaya daga nesa ya nuna ka ya ce, "Ga Baba can yana yi"? "In zama mai tattali" ba ya nunuwa. "In jefa dala ashirin a gwangwani" yana nunuwa. "In kula da lafiyata" buri ne, "in taka a ƙasa zuwa masallacin da ke gaba da namu" aiki ne. Duk wanda bai nunu ba, ko ka mayar da shi aiki ko ka soke shi.

Mataki na uku: sara

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi jin zafi, domin duk tohon da za ka sare mai kyau ne. Kawu ma ba busassu yake sarewa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle bakwai. Ga tambayoyin da za ka bi da kowane ɗaya.

Yana hannunka kai kaɗai? In sai wani ya yarda, ko sai wani ya zo, ajiye shi zuwa gaba. Wanda ya ce zai riƙa cin tuwon dare da wuri, alhali gidansu tukunya ɗaya ce ta mutum ashirin kuma ba shi ke da girki ba, ya ɗauko rigima ne. Haka mai cewa zai riƙa motsa jiki tare da aboki: ranar da abokin ya tafi Jibiya sayayya, an tashi.

Yana da saiwa? Wato ka taɓa yin sa da kanka, ko da a karkace? Wannan tambayar na fi ba nauyi. Ingilishin da na ce zan koya ba shi da ko silin saiwa a yinina: ba malami, ba littafi, ba lokacin da na ware, kwaɗayi ne kawai. Rubutun bashi kuwa ga kwalayen sabulu sun ba da shaida.

Zai rayu a ranar wahala? Kar ka auna sabo da ranar da ka tashi garau. Auna shi da ranar da ka kwana wajen majinyaci a likita, ko ka dawo daga Dan Isa a gajiye, ko aka yi baƙi. Ka kuma auna shi da shekara gaba ɗaya, domin yinin Bamarade ba ɗaya ba ne daga wata zuwa wata. Takawa da la'asar daɗi gare ta a hunturu, amma a watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, wa zai fita? Da damina rabin gari yana gona. Da azumi duk tsarin dare da rana juyewa yake. In abin da ka zaɓa a yanayi ɗaya kawai yake yiwuwa, to ka san da haka tun yanzu, ka tanadar masa wani lokacin. Shi ya sa ma nake ganin washegarin Sallah mugun lokaci ne na ɗaukar alkawari: mutum yana fitowa da zafin azumi, ya auna kansa da ma'aunin watan da dukan gari ke tashi sahur tare da shi.

Yana cin kuɗi? In sai ka sayi takalmi, ko ka zuba kuɗin intanet kowace rana, to ranar da aljihu ya bushe shi ma ya bushe. Na farko dai a same shi kyauta.

Me zai jawo a bayansa? Wasu ayyukan kamar gawo suke a gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya kuma ba ƙasa taki, shi ya sa geron gindinsa ya fi na nesa. Kwanciya da wuri haka take: tana gyara asuba, tana rage shayin dare, tana rage faɗan safe. Rubuta kuɗin da ya fita ma haka, domin hannun da ya san za a rubuta yakan yi nauyi wajen zarowa. In abu biyu sun yi kunnen doki a sauran tambayoyin, ɗauki wanda ke da irin wannan inuwar.

Saura magana ɗaya da ake yawan tambayata: to barin mugun hali fa, kamar taba, ko kwana kan TikTok? Ra'ayina, kar ya zama na farko. "Na daina" ba shi da lokaci, ba shi da wuri, sa'a ashirin da huɗu kake gadinsa, kuma sau ɗaya ka yi gyangyaɗi ya kuɓuce. In kuma shi ne yoyon da ya fi damunka, juya shi ya zama abin yi. Maimakon "na bar waya da dare", ka ce "in na dawo isha'i zan sa waya caji a zaure in shiga ɗaki ba ita". Wanda kuwa abinsa ya kai ga ƙwaya, wannan ya wuce kaye da bik, ya nemi likita ba tare da jin kunya ba. Haka mai hawan jini ko ciwon suga, ya yi shawara da likita kafin ya taɓa abincinsa ko ya ɗauki motsa jiki mai nauyi.

Da ka gama, ɗaya za ka bari. Sauran kar ka yaga takardar, rubuta "sai an jima" a samanta ka ajiye. Zuciya ta fi yarda da jinkiri a kan hani.

Mataki na huɗu: rage shi har ya ba ka kunya

A hadisin da Nana A'isha ta ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kowa ya san hadisin, amma da an zo zaɓe sai a ɗauki babba, don ƙarami ba ya shiga baki a fada.

Mu yi lissafi. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas, sumuni 480 ke nan. Mai karanta sumuni ɗaya a rana, abin da bai fi ƴan mintoci ba, zai sauke cikin wata goma sha shida. Ni da na ɗauki izu biyu na yi kwana tara na tsaya a izu goma sha takwas, ban ƙara ba sai wani azumin. Dala ashirin, wato sefa 100, ba ta sayen wani abin kirki, amma a wata jika uku ce, a shekara sefa 36,500. Jika gudan da na ce zan riƙa ajiyewa kuwa, ranar da ciniki ya yi sanyi sai in ce gobe na haɗa biyu, goben da ba ta zo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar minti talatin sau biyar. Can za a je, amma ba daga can ake tashi ba. Wanda ya shekara goma kan babur, ya fara da minti biyar: ya sauka daga kabu-kabu kwana ɗaya kafin gida ya ƙarasa a ƙasa.

Ma'aunin shi ne wannan: rage shi har sai ya zama in ka ce "ba ni da lokaci" kai da kanka za ka yi dariya. Nawa ya koma layi ɗaya. Suna ɗaya, kaya, kuɗi. In na ga dama in ƙara, in ban ga dama ba layin nan ɗaya ya fitar da ni. Kusan kullum da na buɗe kayen sai na rubuta duka, domin buɗewar ce mai wuya. Amma ka riƙe ƙaramin a matsayin farilla, ƙarin nafila ne. Ranar da ka mayar da nafilar farilla, ka koma gidan jiya.

Mataki na biyar: ɗaure shi a turke

"Zan riƙa yi kullum" akuya ce ba igiya. Wani masani Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya yi suna da bincike a kan wannan tun shekarun 1990: mutanen da suka ƙayyade tun farko cewa "in kaza ya faru, zan yi kaza" sun fi cika niyyarsu a kan waɗanda suka tsaya ga niyya kawai. Dalilin a fili yake. In an riga an yanke lokaci da wuri, ba sauran shawara da zuciya, ita kuwa zuciya a wajen shawara take kayar da mutum.

Mu nan mun yi sa'a, yininmu a kafe yake da turaku biyar da ladan ke tunatarwa ko kuran ya ɗauke ko waya ta mutu. Koma ga jerin turakun da ka samo a makon farko, ka zaɓi ɗaya, ka faɗi maganar a baki ka kuma rubuta ta. Tawa ita ce: "In na ɗauko kwaɗo zan rufe shago, sai na buɗe kaye na rubuta." Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tata ita ce: "In na sallame la'asar, kafin in naɗe darduma, zan karanta shafi ɗaya na darasin yau." Wani ɗan kabu-kabu da ke ajiye babur kusa da ni ya ce da ya kashe babur da dare, kafin ya zare makulli, zai ware dala ashirin ya sa a wani aljihu daban.

Abu biyu a kiyaye. Turken ya kasance a wurin da aikin zai yiwu: kar ka ɗaure karatu da fitowa daga sallar Juma'a, inda gaisuwa za ta ɗauke ka. Sannan a tausaya wa asuba. Kowa da ya tashi gyara kansa sai ya jibga mata kaya, karatu, gudu, azkar, lissafi, alhali bai kwanta ba sai ɗayan dare. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. In darenka bai gyaru ba, nemi turke da rana.

Ƙararrawar waya kuwa ban yarda da ita ba a matsayin turke. Tana kaɗawa kana tsakiyar awo, ka danne ta, ka ga saƙon WhatsApp, shi ke nan.

Mataki na shida: sa kayan aikin a kan hanya

Ba a fafe gora ranar tafiya. In lokacin ya yi sannan za ka fara neman bik, an gama da kai. Ni na huda kayen a kusurwa, na zura igiya, na ɗaure shi tare da bik a ƙusar da nake rataye kwaɗon shago. Ba yadda za a yi in ɗauki kwaɗo ban taɓa kaye ba. Wannan ƴar igiyar ta yi mini aikin da alkawarin shekara goma bai yi ba.

Juyin wannan ma yana aiki, kuma matan ƙasar nan sun riga kowa ganewa. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, kafin tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama, dubararsu ba ta wuce wannan ba: rana ɗaya a mako, zubi kaɗan wanda kowa za ta iya, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku. Zubawa da sauƙi, ɗauka da wuya. Ƴar'uwa, in ajiya kika zaɓa, kar ki sa kuɗin a bakin zane inda mai tallan awara zai same su. Sa su inda sai kin sha ƴar wahala kafin ki kai.

Mataki na bakwai: shaida ɗaya, alama ɗaya

Kowace ranar da ka yi, ja ɗan layi a kalanda ko a bayan ƙofa da gawayi. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya, wanda zai tambaye ka ba tare da ya yi maka wa'azi ba. Ni uwargida na gaya wa. Da na shigo ta miƙo ruwa sai ta ce, "Maigida, an rubuta?" Shi ke nan tambayar. Fada kam kar ka kai maganar. Ranar da ka faɗa za a yi ta "Allah ya taimaka, Alhaji", ka ji daɗi kamar ka riga ka yi, ranar da ka fasa kuma kai ne abin shan shayi.

Mataki na takwas: kwana nawa, kuma in an fasa fa?

Za ka ji ana yawo da maganar kwana 21. Asalinta wani likitan fiɗa ne a Amurka da ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. Mutane suka yar da "aƙalla" suka riƙe lambar. Binciken da ya auna abin kai tsaye shi ne na Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan, wanda ya fito a 2009. Mutum 96 kowa ya zaɓi aiki ɗaya yana yi kullum har mako goma sha biyu. Tsaka-tsakin lokacin da aikin ya zama jiki shi ne kwana 66, amma wani 18 ya ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Don haka in ka yi wata guda har yanzu sai ka tuna wa kanka, lafiyarka ƙalau.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali a binciken shi ne, fashin rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Abin da ke ɓatawa shi ne abin da mutum ke gaya wa kansa bayan fashin: "Ai na riga na karya, sai wata ya kama in sake sabon lale." Za ka fasa, wannan ba makawa: rasuwa, suna, zazzaɓi, tafiya. Washegari ka yi ƙaramin nan kawai. Kar ka ce za ka rama, wannan ba azumi ba ne. Ramuwa ke mayar da minti biyu su zama dutse, sai ka ƙara gudu.

In kuwa mako uku sun wuce layukan kalandarka duk giɓi ne, tsaya ka duba wane irin ciwo ne. In mantawa kake, turken ne bai yi ba, sauya shi. In kana tunawa amma ƙyuya ta hana, aikin ne ya yi girma, sake rage shi. In kana yi amma ko a jikinka, ba ka ga abin da ya toshe ba, to tohon da ka bari ba naka ba ne, wataƙila na wani ka gani ya ba ka sha'awa. Sare shi ba tare da nadama ba, ka koma takardar "sai an jima". Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba.

Yaushe za a ƙara na biyu?

Kalanda ba ta faɗa, jiki ke faɗa. Ni wani dare na rufe shago cikin gaggawa saboda hadari ya haɗo daga gabas, na kai har bakin titi sai na ji wani abu ya rage, kamar na fito ba hula. Na koma na buɗe, na rubuta layi huɗu iska tana kaɗa shafin, ruwa ya same ni a hanya. Wajen wata huɗu ke nan da ɗaure igiyar. Dattijuwar nan ma yanzu da ta karɓi kaya takan ce, "Yaro, rubuta in gani," in juya mata kayen ta duba duk da ba ta karatun boko.

Na biyun a jikin na farko na ɗaure shi: da na rufe kaye, sai dala ashirin ta faɗa gwangwanin madara da na huda wa baki, yana nan ƙarƙashin teburin awo. Da wannan ya kama ƙasa na ɗauko sumuni ɗaya bayan magariba. Takardar abu bakwai tana nan a bayan kayen, huɗu ban taɓa su ba, Ingilishi kuma na soke shi gaba ɗaya tun da yaron shagona ya iya. Sukarin shayi dai yana nan yadda yake, ban kai kansa ba tukuna.